Darasin da ke ɓoye cikin farantin rana

Yaron Magariya ko na Dungas da ya ci jarrabawar bak a ɓangaren lissafi, in ya zaɓi fizik a jami'a, shekaru biyun farko ba su cika ba shi mamaki ba. Motsi ne, da zafi, da wutar lantarki, abubuwan da ya soma lasa tun a lise. Galibi sai a shekara ta uku yake haɗuwa da darasin daskararrun abubuwa, wanda ke binciken yadda ƙarfe da gishiri da dutse suke a cikin cikinsu. A nan ne ɗalibai da dama kan ce kansu ya ɗau hayaƙi.

Farkon darasin kuwa da daɗi. Malam zai zana ɗigo-ɗigo a allo, ya ce haka ƙwayoyin zarra suke jere, kamar ramukan dara. Gishirin da ake aunawa da tiya a kasuwa shi ne misali na fari: ƙwayoyi iri biyu, wannan na bin wancan, har fiye da miliyan 3 cikin tsawon milimita guda. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Bragg da ɗansa ne suka gano jerin a 1913, da hasken nan da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ɗan yana da shekara 25 aka ba su kyautar Nobel a 1915, wato tsaran waɗanda ke zaune a ajin ne.

Daga nan hanya take yin tudu. Ana gaya wa ɗalibi cewa elektaron, ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, tana tafiya cikin ƙarfe kamar igiyar ruwa, kuma akwai matakan ƙarfi da aka yarje mata, akwai waɗanda aka hana ta. Ba abin da ido zai gani, ba abin da hannu zai taɓa, sai lissafi shafi bayan shafi, cikin Faransanci, daga littafin Kittel da aka fara bugawa a Amurka tun 1953. Mafi yawa sukan haddace don ranar jarrabawa. Ba a ga laifinsu ba ƙwarai, amma hadda a nan asara ce.

Dalili kuwa, in hutu ya zo suka koma gida, darasin na nan yana jiransu a bakin shago. Farantin hasken rana da ke cajin salula a Dan Ciyawo da Dogo-Dogo, da silisiyom aka yi shi, silisiyom kuwa daga yashi ake tace shi. Ana ɗiga masa ɗan fosfor a gefe guda, ɗan bor a ɗaya gefen, sai hasken rana ya riƙa tsallakar da elektaron daga matakin ƙasa zuwa na sama, wuta ta samu. Tsallaken nan shi ne abin da ya hana ɗalibi barci a jami'a.

Ga kuma abin da ya shafi aljihun ƴan kasuwa. Mutum ya sayi faranti an rubuta masa wat 100, bazara ta yi, ya dawo da faɗa wai an cuce shi. Sau da yawa ba cuta ba ce. Adadin da ke rubuce a zafin digiri 25 aka auna shi, kuma duk digirin da ya hau sama farantin kan rasa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa. A watan Afrilu, farantin da aka shimfiɗa kan kwanon rufi yakan kai digiri 65, ya zubar da wajen kashi ɗaya cikin shida. A ɗaga shi iska ta bi ta ƙarƙashi, a share masa ƙura, sai a rage asarar. Ɗalibin da ya fahimci darasinsa zai iya raba wannan gardama cikin minti biyar. Wanda ya haddace, shiru zai yi, mahaifinsa na kallonsa yana tuna kuɗin motar Yamai.

Ba baƙon ilimi ba ne a Nijar. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik ne, shi ya jagoranci ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana, shekaru da dama kafin rasuwarsa a 1991, sunansa ne kuma jami'ar Yamai take ɗauke da shi tun 1992. An buɗe tashar wutar rana a Malbaza a 2018, aka buɗe ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. Farantan duka daga waje ake kawo su, masu duba su kuwa da auna lafiyarsu a cikin azuzuwan nan ne za a same su.