Abin da dodon koɗi ya koya mini a lambu

Lambun da mahaifina ya bar mini a gefen Jos ba shi da girma: latas, kabeji da ɗan alayyahu. Daminar Jos kuwa doguwa ce, ga sanyi ga raɓa, abin da dodon koɗi yake so ke nan. Akwai mai koɗi a baya, akwai kuma wanda yake tafe tsirara ba koɗi, shi ne ya fi ɓarna domin yana shigewa har cikin zuciyar kabeji. Da safe sai in tarar da dashen jiya an cinye, ba abin da ya rage sai sawun yauƙi yana ƙyalli a ƙasa.

Raina ya ɓaci ƙwarai a shekarar farko, domin da kuɗin latas ɗin nan nake biyan kuɗin makarantar yara. Zuciyata ta karkata ga guba. Akwai ƙwayoyin da ake barbaɗawa masu sinadarin metaldehyde, suna kashewa kam, amma suna kashe kare da tsuntsu in suka ci, har Birtaniya ta hana amfani da su a fili tun 2022. Ni kuwa 'yata ƙarama a lambun take wasa. Gishiri ma yana kashe su, sai dai yana lalata ƙasa, ƙasar da mahaifina ya yi shekaru yana ciyar da ita da taki.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya tsayar da ni. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin lambunka da dare?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce in ɗauki tocila da bokiti bayan sallar isha'i.

Abin da na gani ya sauya mini aiki gaba ɗaya. Dabbar nan rana take gudu, domin jikinta bushewa yake. Da rana tana ɓoye ƙarƙashin tarin ciyawar da na nome, da tsofaffin buhuna, da duwatsun bakin kunya, nan kuma take saka ƙwai, farare ƙanana a dunƙule cikin danshi. Kowane ɗaya namiji ne kuma mace, saboda haka duk wanda ka bari zai iya yin ƙwai.

Na kwashe tarin ciyawar. In ruwan sama ya ɗauke sai in yi ban ruwa da sassafe, don ƙasa ta sha iska kafin dare. Na ajiye katakai a tsakanin kunyoyi, da safe in ɗaga in tsince waɗanda suka fake, in zuba wa agwagi. Toka tana tare su muddin a bushe take, ruwa na taɓa ta an gama.

Har yanzu suna cin rabonsu, musamman a watan Agusta. Amma latas yana kaiwa kasuwar Farin Gada, yarana kuma su ne yanzu suke riƙe mini tocila.