Tsohuwar Kwamfutarmu Ta Farfaɗo

Kwamfuta ɗaya tal gare mu a kulob, RAM ɗinta giga 2. Kafin Windows 7 ta gama buɗewa, an kusa kaɗa ƙararrawa. Wasu suka ce a goge ta. Muka ƙi, domin manhajar gwajin JAMB a kanta take, kuma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar, ko daga Sabuwa ka fito ko daga Legas.

Malaminmu ya raba ma'ajiyarta gida biyu, ya sa Lubuntu a gefe. Yanzu in an kunna, sai mu zaɓi wadda muke so. A Lubuntu muke buga labarai da AbiWord, ba jira.

Sai dai wajen rabon, hotunan bikin yaye ɗaliban bara suka salwanta; ba mu kwafe su a filashi ba. Har yau ana mana gori.