Tsohon Marini Da Shunin Kanti

A unguwar Karofi ta birnin Bauci akwai wani tsohon marini wanda ya gaji rijiyoyin rini daga mahaifinsa, amma yanzu galibinsu sun bushe. Jikansa mai karatun kimiyya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ce masa, "Kaka, launin ganyen baba ƙananan ƙwayoyi ne masu zoben naitirojin. Wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya gano siffarsu a 1883. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta, ba ganye, ba toka, ga araha."

Tsoho ya nisa, ya ce, "To, sun iya launi. Idan na kau, wa zai rina kore a garin nan?"

Yaro ya sunkuyar da kai, don kuwa shaddar kanti ce a jikinsa.