Anini Biyar a Maraɗi

Bayan ƙaramar sallar 2025 na bar Dingaya zuwa Maraɗi, ɗaurin auren ɗiyar kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda fatauci ya kai shi can tun ina goye, ya kuma yi zamansa. Na fito Birnin Kudu na hau motar Kano, na kwana Katsina, washegari muka bi ta Jibiya da Magama muka shiga Ɗan Isa. Ban taɓa tsallaka iyaka ba sai ranar. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sai dai kuɗi ya koma sefa, ɗan acaɓa ya koma ɗan kabu-kabu.

Da dare 'ya'yan kawu suka ja ni fadarsu, wato majalisar samari ta ƙofar gida inda ake dafa shayi har tsakar dare. Hirar da na tarar ta galo ce, kalmarsu ta muƙamin soja. Makonni kaɗan kafin zuwana, ranar 26 ga Maris, an rantsar da Abdourahamane Tiani shugaban ƙasa na shekara biyar, aka kuma ɗaga shi zuwa muƙamin ƙoli na sojan Nijar, mai tauraro biyar. Da suka ji daga Najeriya nake, wani saurayi ya miƙo min kofi yana murmushi. "Baƙo, naku nawa gare shi?" Na ce babban janar ɗinmu anini huɗu ne. Fada ta kaure da shewa: nasu ya fi namu da ɗaya.

Wani dattijo maƙwabcin kawu, tsohon soja da ya yi ritaya, yana kishingiɗe a gefe yana jan carbi. Shi ya raba gardamar. Ya ce da su, "Yara, ƙidayar ce ta bambanta. Mu ta Faransa muka gada, su ta Ingila." A tsarin Faransa ƙaramin janar da tauraro biyu yake farawa, sai uku, sai huɗu, sai biyar. A namu kuwa birgediya ɗaya ne, manjo janar biyu, laftanar janar uku, cikakken janar huɗu. Matakala huɗu ce a can, huɗu ce a nan, kuma biyar ɗinsu ita ce huɗunmu. Sai ya juyo ya tambaye ni, "Ɗana, mi ya sa kuke ce mishi anini?" Na gaya masa abin da kakana ya nuna min ina yaro: tsohon kuɗin zamanin Turawa mai huda a tsakiya, goma ke yin kwabo, da zanen tauraro a jikinsa. Da mutanenmu suka ga irin tauraron a kafaɗar hafsa, sai suka kira shi da sunan kuɗin. Ƙananan sojoji kuma igiya muke ƙirga musu, kofur biyu, saja uku.

Abin da ya hana ni barci a daren ba wannan ba ne. Dattijon ya ci gaba da lissafo shugabannin sojan ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta sunayen iyayensa. Seyni Kountché laftanar kanar ne lokacin da ya kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974, ya rasu a 1987 yana janar. Ibrahim Baré Maïnassara kanar ne a Janairun 1996, ya zama janar yana kan mulki, aka harbe shi a filin jirgin Yamai a Afrilun 1999. Salou Djibo daidai da manjo yake a Fabrairun 2010, bai sauka a 2011 ba sai da tauraro huɗu. Daouda Malam Wanké ne ya karɓi mulki bayan Baré yana manjo, ya miƙa wa Tandja Mamadou yana manjo. Shi kansa Tiani tauraro biyu gare shi ranar 26 ga Yulin 2023, yana shugaban dogaran fadar shugaban ƙasa.

Ina jin sa ina lissafa namu a zuci, sai na ga ba mu da bakin yi musu gori. Yakubu Gowon laftanar kanar ne a 1966, ya zama cikakken janar a 1971. Murtala Muhammed na Kano, wanda hotonsa ke jikin naira ashirin, birgediya ne a Yulin 1975, a Janairun 1976 ya haye kai tsaye zuwa anini huɗu, aka kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu yana da shekara 37. Obasanjo, Babangida, Abdussalami, duk kan kujerar mulki aninin ƙarshe ya same su. Sani Abacha ne ake ambato da cewa ya taka kowace matakala bai tsallake ko ɗaya ba. Buhari kuwa manjo janar ya hau a ƙarshen 1983, manjo janar aka sauke shi. A yau shugaban sojan ƙasa anini uku yake ɗauka, na huɗun sai babban hafsan tsaro. Akwai ma wani muƙami sama da wannan a tsarinmu, fil mashal, amma babu ɗan Najeriyar da ya taɓa rataya shi. A Chadi an rataya: Idriss Déby ya zama mashal a Agustan 2020, bayan farmakin da ya jagoranta kan Boko Haram a bakin tafkin Chadi, ya kuma mutu a Afrilun 2021 daga raunin da ya samu a fagen daga.

Ni manomi ne ɗan manomi, ban san dabarar yaƙi ba. Amma na san a ƙasar Hausa sarautar mayaƙa tana da ma'ana da kowa ke gani. A Kano Madaki ne shugaban dawaki, a Katsina da Maraɗi Ƙaura ne. Har gobe tsofaffin Maraɗi suna ba da labarin Ƙaura Hasau, kuma abin da suke tunawa shi ne inda ya kai dokinsa da garin da ya tsare. Abin da ke ci min rai ke nan. Ina son ranar da za a ƙara wa mutum anini na ƙarshe, a Abuja ko a Yamai, manomi ya iya nuna hanyar da ta buɗe ko dajin da aka kwashe, ya ce saboda wannan ne. Ban raina karatunsu ba, ban raina shekara talatin da wasu suka yi suna hawa mataki-mataki ba, kuma da yawa cikinsu sun binne abokan aiki. Sai dai mafi yawan sunayen da ni da dattijon muka lissafa, fadar gwamnati ce ta ba su na ƙarshen.

Maraɗi kuwa ba wurin da za a manta da wannan ba ne. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakowa yankin Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga. A wajen Madarunfa ana shiga ƙauye da dare a kore shanu, a ɗauki mutum a tsallaka daji da shi. Cikin 'yan biki akwai wata gwaggo daga wani ƙauyen can da ta ce damina biyu ke nan ba su noma gonarsu ta nesa ba. Ba ta san tauraro nawa kowa ke da shi ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ranar komawa kawu ya raka ni tasha da kansa. "Ka gaida yayata," ya ce, "kuma kada ku bari la'asar ta yi muku a hanyar Jibiya." Direban ma abin da yake ta faɗa ke nan. Bayan mun tsallako, a wani shinge muka iske soja ɗaya tsaye cikin ranar bazara, yaro ne da bai wuce sa'ar ƙanina ba, hannun rigarsa babu igiya ko ɗaya, leɓensa duk ya tsage. Ya leƙo ya dube mu ɗai-ɗai. Wata tsohuwa a kujerar baya ta miƙa masa ledar ruwa biyu ta taga, ta ce, "Sha, ɗan nan, Allah ya maishe ka gun uwarka lafiya." Ya ce amin, ya janye itacen, muka wuce.