Neman Gona a Damagaram Bayan Kaka

Asabar, Zinder

An gama girbi, damma sun shiga rumbu, kara yana tsaye a gonaki. Kawuna ya ce yanzu ne lokacin duban gona ga mai son saye, domin da damina kowane fili kore ne, amma da kaka kaurin kara da yawan gindi su ke faɗin abin da ƙasa ta bayar. Gonar mahaifinmu an raba ta gado, rabona bai isa ciyar da gida ba. Gonakin bakin gari kuma an yanka su filaye, ana ta gini. Dole in nemi ta ƙauye.

Bayan isha'i kawu ya zaunar da ni ya yi mini bita. A bakin manoma ƙasar noma iri uku ce: jigawa, geza da fadama. Ruwan sama kuma raguwa yake yi in ka doshi arewa: wajen Magarya ana samun milimita 500 zuwa 600 a shekara, Zinder wajen 400, Tanut bai cika kaiwa 300 ba. Ya ce, "Ɗana, ka fara tambayar irin ƙasar, faɗinta ya biyo baya."

Lahadi, Mirya

Kilomita 18 ne daga Zinder. Mun ratsa ta cikin kukokin da garin ya yi suna da su, muka wuce wani ƙauye inda aka yi mana maganar gonaki biyu.

Dukkansu jigawa ne. Kawu ya tona da hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo rairayi ya murza. Jigawa tana da sauƙin noma, tana shanye ruwan farko nan take, saiwar hatsi kuma tana nutsewa ta sami laima ko ruwa ya ɗauke kwanaki. Shi ya sa a shekarar ƙarancin ruwa mai jigawa ba ya fita hannu banza. Rauninta shi ne talauci. Masu binciken ƙasa sun daɗe da nuna cewa rairayin Nijar yana da ƙarancin sinadarin fosfaras, taki kuma ba ya daɗewa a cikinsa.

Gona ta farko mai faɗi ce, ido ba ya ganin ƙarshenta da kyau. Amma karanta siriri ne, busasshen ƙuduji ya cika tsakanin gindi, ga tumfafiya nan da can, babu itace ko na rataye gora. Ƙuduji ba ya yawa sai inda ƙasa ta gaji da hatsi shekara da shekaru babu hutu babu taki.

Ta biyu ba ta kai rabin ta farko ba, amma gawo ya cika ta, manya da ƙanana, duk sun fara sabon ganye. Ƙarƙashin kowane gawo ƙasa ta fi duhu, kara ya fi kauri. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, su bar kashi a wurin. Dattawa na ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare gawo. Bayan farin 1984 manoman Mirya, Magarya da Matamaye suka koma barin tohon itace a gona suna yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 ne suka farfaɗo ta haka a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Zinder. Wannan ƙaramar gona tana cikinsu, kuma ta kwanta mini a rai.

Litinin, gabas da Zinder

Yau geza muka duba, kusa da duwatsu. Ƙasa ce mai tauri, hauya tana tsalle a kanta. Ta fi jigawa ƙarfi, a shekarar ruwa mai yawa dawa tana yin kai sosai a cikinta. Sai dai ruwa gudu yake yi a samanta, kuma in aka yi ɗaukewar ruwa ita ke fara ƙonewa. Maƙwabcin gonar ya haƙa ramukan tara ruwa na tassa da na rabin wata, ya zuba taki a ramukan, kuma an ga bambanci. Aiki ne na ƙarti tun daga rani.

Na tambayi maganar rijiya. Mai gonar ya girgiza kai. Dutsen da muke gani a unguwar Birni ta Zinder shi ne a ƙarƙashin wannan yanki, shi ya sa ruwan garin Zinder kansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, Arunguza da Ganaram. Mai mafarkin lambu a nan ya fara neman ruwa kafin ya biya ko dala.

Talata, kwarin Korama

Mun yi kudu wajen Matamaye. Da ka gangara daga tudu zuwa fadama sai iska ta sauya. Ga rake tsaye, ga rogo, ana shirya fangalin albasa, kabeji da tattasai. Ruwa kusa yake, wani wuri ƙaramar rijiya ta isa. Ƙasar baƙa ce, tana riƙe laima, mutum zai yi noma rani da damina.

Wani dattijo mai lambu ya kai ni gefen fadamar ya nuna mini farin ɓawo a saman ƙasa. Kanwa ce. Ruwan da ke kusa yana tasowa, rana ta shanye shi, gishirin ya zauna, shuka ta ƙi. Daga ɗaya gefen kuma tudun rairayi yana gangarowa yana cin bakin lambu. Ya ce in na je Gidimuni, inda ake dabino, zan ga duka biyun.

Na tambaye shi ko akwai mai sayarwa. Ya ce, "Malam, fadama uwar gida ce, ba a sayar da ita sai masifa." Ɗan yankin da aka nuna mini kuɗinsa ya fi na babbar jigawar Mirya. Aljihuna bai kai ba.

Laraba, Zinder

Wani dillali ya zo da albishir: fili arewa da Tanut, iya ganinka, da araha. Na kai maganar wurin wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya a unguwar Zango. Ya ce Damargu, wato yankin Tanut, ta taɓa zama rumbun hatsin da ayarin Abzin ke zuwa awo, amma ruwa ya ragu, noman can ya zama caca. Sannan dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar da ita. Abin da ke bayan iyakar ƙasar kiwo ce, ba ta mallakuwa ga mutum ɗaya. Wanda ya sayar maka da ita ya sayar maka da haƙƙin makiyaya. Na sallami dillalin.

Alhamis, ƙauyen Mirya

Mun koma kan gonar gawo. Kafin ciniki muka je gaida mai gari. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman asalin gonar wane." Ya aika aka kira dattawa biyu da masu iyaka.

Gona tana shiga hannun mutum ta gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, kuma mai aro da mai jingina ba su da ikon sayarwa. Tun 1974, da Shugaba Seyni Kunce ya ce gona ta mai nomanta ce, aro da mallaka suka cakuɗe a wurare da yawa, jikoki suna shari'a har yau. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kawo kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo. Mirya tana cikin wuraren da aka fara kafa su a 1994. Yanzu akwai na ƙauye, na kwamin da na gunduma.

Dattawan sun shaida gado ce, kuma an raba. Amma mai gonar yana da ƙanwa da ke aure a wani gari da ƙane da ke cirani. Mai gari ya ce ba zai sa hannu ba sai an ji daga bakinsu. Aka kira ƙanen ta waya a gaban jama'a, aka tura yaro wurin ƙanwar. Muka taka iyaka da ƙafa, muna bin layin gamba. Ta yamma burtali ne, na lura an ɗan ci shi da noma. Na ce a mayar da iyakar inda take tun asali.

Juma'a

Bayan masallaci na zauna da mai gonar mu biyu. Na ce, "Baba, me ya sa za ka rabu da ita?" Ya ce bashi, da hatsin da ba zai kai su bazara ba. Shi ya reni yawancin gawon nan tun suna toho.

Maganar ta tsaya mini. Albarkar da nake son saye ba daga rairayin ta fito ba, aikin hannunsa ce ta shekaru. Mu ƴan birni masu albashi muna sayen gonakin talakawa a shekarar ƙunci, sai mai gona ya koma ɗan ƙwadago a filin ubansa. Ba na so in zama sanadin haka. Na ba shi shawara ya sayar mini da rabin da ke wajen burtali, wanda kuɗinsa zai biya bashin ya saya musu hatsi, ya riƙe rabin da ke kusa da gari. Ya ce zai kwana da maganar.

Asabar

Ya yarda, ƙanwarsa ma ta zo da kanta. An auna, an dasa alama, an rubuta takardar saye a gaban Kofon ƙauye, mai gari da shaidu suka sa hannu. Litinin zan kai ta kwamin a shigar da ita rajista.

Aikin da ke gabana kafin ruwa ya sauka: zan bar kara a kwance don iska kada ta kwashe ƙasa. Zan nemi makiyayi ya kwantar da shanunsa a gonar da rani, in biya shi da hatsi yadda aka saba. Wurin sassabe ba za a tone sabara da kalgo ba, za a zaɓi reshe biyu ko uku a kowane gindi a bari. Hatsi da wake za a haɗa, a sa ɗan takin zamani a ramin shuka. Tsohon mai gonar ya ce zai nuna mini yadda ake yi wa gawo aski, mun sa rana bayan an gama sussuka.