Abin da Ruwan Yauri Ya Ci

Kafin a datse kogin Kwara a Kainji, mutanen Yauri sun san ruwa biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da lakar da ya kwaso daga ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara. Baƙin ruwa kuwa baƙo ne daga nesa. Daga duwatsun Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya sauke ƙurarsa a can, sai ya iso nan da sanyin hunturu a tace. Gungawa da ke zaune a tsibirai da wannan lissafi suke noma. Ruwa ya hau ya shimfiɗa laka, ya janye, su bi bayansa da dashen albasa, suna ban ruwa da ƙwarya. Takinsu kashin dabbobi ne da tokar murhu da abin da kogi ya bari. Albasar Yauri da ta yi suna har kasuwannin kudu, a kan wannan laka ta yi shi.

Babu wanda ya kira abin da ke cikin lakar da suna a lokacin, amma masana sun ce ɗaya daga cikin muhimman abubuwan da ke ciki shi ne sinadarin fosfaras. Kowane tsiro na bukatarsa, kuma a ruwan daɗi shi ne ya fi ƙaranci. Shi ya sa ɗan kaɗan ɗinsa ke raya gansakuka da ƙananan halittun da kifi ke ci, yawansa kuma ya mai da ruwa kore shar. Halinsa shi ne manne wa ƙwayar laka. Duk inda laka ta kwanta, nan yake kwana. A zamanin da kogi ke gudu, ba ya daɗewa wuri ɗaya. Abin da ya hau tudu albasa da gero su cinye, saura ya wuce ƙasar Nupe.

A 1968 aka rufe ƙofofin dam ɗin, Janar Yakubu Gowon ya buɗe shi a 1969. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge da gonaki da maƙabartu, aka tashi mutane kusan 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Tsofaffi na ba da labarin shekarun da suka biyo baya da fuska biyu: baƙin cikin gidan da ya nutse, da mamakin kifin da ya fito. Sarkawa da sauran masunta suka kwararo daga ko'ina, tunga ta bi tunga a bakin ruwa. Kifin faliya ya cika taru har ana rasa itacen banda. An ƙiyasta kamun 1971 da tan 28,000 da 'yan kai.

Wannan arziki daga gonakin da suka nutse ya fito. Ciyawa da itatuwa da turken shanu da jujin garuruwa suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa, suka saki takin da suka tara shekara da shekaru a lokaci guda. Da ya ƙare, kifi ya ja baya. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun shekara bai kai tan 5,000 ba. An ɗora laifin a kan yawan masunta da taru mai ƙananan ido, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai haka aka gani a Tafkin Volta na Ghana da Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe: sabon tafki kan yi bikin farko, sannan ya koma cin abin da kogi ke kawo masa.

Wani darasi ya zo a 1989, yana yawo a kan ruwa da fure mai launin shuɗi-shuɗi. Mun san kainuwarmu ta gargajiya, wadda ake wa kirari da dashen Allah. Wannan wata kainuwa ce dabam, asalinta Kudancin Amurka, ta gangaro ta Jamhuriyar Nijar. Idan ta sami ruwa mai taki takan ninka kanta cikin mako biyu. Ta toshe mashigar jirage, ta yaga taru, ta zama maɓoyar macizai da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. A ƙarƙashin tabarmarta haske ba ya shiga, iska ta ƙare, kifi ya gudu. Mai kwalekwale kan wayi gari ya tarar da iskar dare ta rufe masa hanya ruf.

An yi yaƙi da ita, kuma yaƙin ya cancanci yabo. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa da shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990 sun haɗa kai da sarakunan ruwa da masu unguwanni. Aka yi gayya ana janyo ta tudu ana ƙonawa, aka saki wasu ƙwari masu cin ganyenta, aka kuma gitta shinge a kan kogi tsakanin Zamare da Rofia don tare ta kafin ta shiga tafki. Ta ragu ƙwarai. Abin da ban ji an tsaya a kansa ba shi ne tambayar me take ci har take wannan ƙiba.

A wasu ƙasashe tambayar ce ta zama aikin. A 1973 wani masani a Kanada, David Schindler, ya raba ƙaramin tafki biyu da labule, ya zuba fosfaras a gefe ɗaya kawai. Gefen ya koma kore kamar miyar kuka, ɗayan ya zauna garau. A Amurka, da aka karkatar da ruwan bahayar birnin Seattle daga Tafkin Washington tsakanin 1963 da 1968, ruwan ya washe cikin 'yan shekaru, domin tafki ne mai zurfi. Marasa zurfi sun fi taurin kai. A tafkunan Norfolk na Ingila an rage ƙazantar da ke shiga, ruwa ya ƙi washewa, saboda taɓon ƙasa ya riga ya ƙoshi, yana mayar da fosfaras sama duk sa'ad da iska ko kifi suka motsa shi. Sai da aka sa injin zuƙe taɓon a Cockshoot a 1982, daga baya kuma a Barton, da kuɗin da mu ko a mafarki ba za mu ware wa kududdufi ba.

Kainji ya yi sa'a ta fuska biyu. Ruwansa na sauyawa kusan sau huɗu a shekara, kuma yakan ja baya da mita goma ko kusa da haka da rani, sai ciyawar burugu ta rufe bakin gaɓa, shanun Fulani su cinye, takin ya koma tudu da ƙafafunsu. Amma wannan sa'a ta tsakiyar tafki ce da wuyan dam mai zurfi. Gefenmu, daga Shanga zuwa Yelwa zuwa lungunan Wara a Ngaski, ruwa ne shimfiɗaɗɗe mai ɗumi, da tabkunan da ke yankewa daga kogi idan ya janye. Nan laka ke fara sauka.

Kuma abin da ke sauka ya canja. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 buhunan takin supa da kamfa suka yawaita a ƙauye, kuma fosfaras ne harafin tsakiya a NPK da ke jikin buhun. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, fadama ta cika da injin ban ruwa. Filin da burugu ke tsayawa yana tace ruwa, yanzu shinkafa ce har bakin gaɓa. Manomi kan watsa taki a kan ruwan da ke kwance a fangali, gobe ya fasa kunya ya sake shi cikin tabki, ya tafi da rabon kuɗinsa. Ga magudanan Yelwa, garin da ya ninka abin da yake a 1968, duka kogi suke fuskanta. Wanda ya tura takin cikin ƙasa kafin ya sako ruwa, ya kuma bar ɗan zirin burugu tsakanin gonarsa da gaɓa, ya rage wa tabki kaya, buhunsa ma ya fi yi masa auki.