Tsuntsun Bruny da Kifin Macquarie

Daga Kettering, kudu da Hobart, jirgin fito ke tsallakar da mutane da motocinsu zuwa tsibirin Bruny. Wasu na zuwa ne takanas don ɗan tsuntsun nan pardalote mai ɗigo arba'in, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai Tasmaniya. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ba. Sai da wuyana ya ƙage kafin na hango shi can ƙololuwar farin itacen turare, yana tsaga gindin ganye da baki, ya tafi, ya dawo ya tsince zaƙin da ya tsatso. Duk inda aka sare itacen nan, tsuntsun ya yi ƙaura.

Ga kuma wani ƙuda da tsutsarsa ke huda fatar 'yan tsaki a sheƙa tana shan jininsu. Dabarar da masu bincike na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya suka ɓullo da ita ta burge ni. Gashin kaza suka fesa wa maganin ƙwari, suka rataye a 'yan kejuna, tsuntsun da kansa ke kwasa ya shimfiɗa wa 'ya'yansa. A irin waɗannan sheƙu kashi 95 cikin 100 na 'yan tsakin suka rayu, a sauran kuwa kashi 8 kacal.

Can gaɓar yamma, a garin Strahan, labarin daban ne. A mashigin ruwan Macquarie akwai wani kifi dangin shak da ake kira Maugean skate, faffaɗa kamar faifai, mai dogon hanci da siririyar wutsiya. Sai a 1988 masana suka san da shi, kuma yanzu nan kaɗai aka tabbatar yana rayuwa. A hoto na gan shi. Ruwan baƙi ne saboda rinin tsirrai da kogin Gordon ke kwasowa. Iskar oksijin ta ƙaranta a ƙasan ruwan, inda yake kwana yake zuba ƙwai. Kashi da ragowar abincin kifin salmon da ake kiwo a manyan kejuna na cinye ta, ga madatsun lantarki da suka sauya kwararar koguna. Daga 2014 zuwa 2021 yawan kifin skate ɗin ya ragu da kusan rabi.

Kowa na jin daɗin labarin tsuntsun, don ƙuda ba shi da mai kare shi. Maganar kifin kuwa ta taɓa tukunyar mutane, gidaje da yawa a Strahan da salmon suke ci. A Maris 2025 gwamnatin Ostireliya ta Anthony Albanese ta gyara dokar muhalli yadda kiwon zai ci gaba, ana dab da zaɓe. Masana a Taroona, kusa da Hobart, suna renon wasu kifayen skate a tankuna, ƙwai ma sun ƙyanƙyashe a 2024. Ruwan da za a mayar da su kuwa, har yau kejunan salmon na cikinsa.